Kyanwa a Gidan Haya: Gardamar Miji da Mata a Zangon Kwatano

Kafin mai shagon hatsi a kasuwar Dantokpa ya auna kwano ɗaya da safe, sai ya zagaya gindin buhuna tukuna. Inda ya ga shinkafa ta tsiyaye ƙasa, ya san an yi masa baƙi cikin dare. Ya ɗauko basilla ya ɗinke ɓular, ya share kashin ɓera, ya ware buhun da fitsari ya taɓa. Irin wannan asara ba ta shiga littafin lissafi, amma ita ke sa mutum ya koma gida Zango da dare ya ce wa matarsa, "Maman yara, kyanwar maƙwabcina na kasuwa ta haihu, na ce a ajiye mana ɗaya." Amsar da ya fi samu ba ta da tsawo: "Ba dai a ɗakina ba, Alhaji."

Ba kullum namiji ne mai so ba. Akwai gidan da uwargida ce ɓeraye suka isa, sun cinye mata garin rogo da busasshen kifi, sun huda atamfar da ta adana a ƙasan akwati, ita ke neman kyanwa ido rufe, maigida kuwa ko kukanta ba ya son ji. Akwai inda yara ne suka tsinto 'yar kyanwa a bakin kwata suka shigo da ita cikin kwali, iyaye suka rabu biyu a kanta. Abin da gidajen nan suka yi tarayya a kai shi ne da wuya a zauna a tambayi mai ƙi abin da yake ƙi. Mai so yana ganin da ya kawo hujja ɗaya magana ta ƙare. Alhali ƙin kyanwa iri-iri ne: akwai na tsarki, akwai na tsoro, akwai na lafiya, akwai kuma na wahala, kuma hujjar da ke kashe ɗaya ba ta ko taɓa sauran.

Garin ɓeraye

Sai an san Kwatano za a gane abin da ya sa zancen ya yi zafi a nan fiye da Katsina ko Maraɗi. An gina garin ne a kan yashi, teku a kudu, tafkin Nokoué a arewa, ga mashigin ruwa ya ratsa ya raba shi biyu. A gaɓar yamma ta wannan mashigi, gindin gadar Martin Luther King, Dantokpa take zaune a fili kimanin hekta 20, tana cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma. Unguwar Zango mai babban masallacin Juma'a tana wajen tashar jiragen ruwa, tafiyar 'yan mintoci a bayan zemijan, 'yan acaɓan garin masu rawayar riga. Tsakanin wuraren nan biyu Hausawa da Zabarmawa da Dandawa da Yarbawa suke kai da komo, da albasa da wake da gyaɗa da goro, da tsiren da mutanen gari ke kira cacanga. Abinci tuli, ruwa ko'ina, ga kwatoci da ramuka. Damina kuma biyu ce, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Idan ruwa ya cika kwata ɓera tudu yake nema, tudun da ya fi kusa kuwa ɗakin mutane ne.

Masu bincike na Jami'ar Abomey-Calavi da cibiyar IRD ta Faransa sun shafe shekaru suna ɗana tarko a unguwannin Ladji da Agla da Saint-Jean, da cikin rumbunan tashar jiragen ruwa da aka buɗe a 1965. Sun kama baƙin ɓera mai hawa rufi, da ƙaton ɓeran kwata, da ɗan ƙaramin kusu, waɗanda asalinsu duk jiragen ruwa ne suka yaɗa su a duniya. Sun kama kuma ɓeran ƙasar nan mai yawan nonuwa, da jaɓa. A jikin wasu daga cikinsu sun sami ƙwayar cutar Leptospira, wadda ke zama a ƙodar ɓera ta fita ta fitsari, ta shiga mutum ta ɗan rauni a ƙafa sa'ad da yake ratsa ruwan ambaliya. Zazzaɓinta yana kama da na cizon sauro, shi ya sa sau da yawa ba a gane ta. Shi kuwa mai yawan nonuwan nan shi ne gidan zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, wadda ta ɓulla a Benin a Tanguiéta a 2014, ta sake ɓulla a yankin Tchaourou a 2016. A cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa na kauce wa Lassa, bayan rufe hatsi da nesanta shara, har da kiwon kyanwa.

To, Alhaji yana da abin faɗa. Sai dai ya rage murna, domin kyanwa ba ta yin duk aikin da ake jingina mata. Kusu nauyinsa kimanin giram 20 ne, cikin wasa take gamawa da shi. Ɓeran kwata kuwa yakan kai giram 300 zuwa 500, yana da haƙora, yana kuma juyowa ya yi faɗa, ita ma ta san haka. A 2018 masu bincike na Jami'ar Fordham suka wallafa abin da kyamarorinsu suka ɗauka a wata ma'ajiyar shara ta Brooklyn a Amurka, inda ɓeraye kimanin 150 ke zaune, kyanwoyi suna zirga-zirga a tsakaninsu. Cikin kwana 79, ɓera biyu kacal aka ga sun kashe. Abin da ya canza shi ne ɓerayen sun rage fitowa fili, mai kallo sai ya zaci sun ragu. Wani binciken da aka wallafa a 2017 a kan gidajen karkara a ƙasar Eswatini ya nuna cewa ɓeraye sun fi kaffa-kaffa da gidan da ke da kyanwa da kare tare. Kyanwa ita kaɗai ba ta kawo bambanci mai yawa ba. Kare a tsakar gidan Zango kuwa, wannan wata rigimar ce da ba wanda zai tayar. Gafiya ma ba a maganarta, ta fi ƙarfin yawancin kyanwoyi. Jaɓa kuwa, kyanwa za ta kashe ta ta bar maka gawar a bakin ƙofa saboda wari. Kuma a kowace haihuwa akwai wadda za ta tashi kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi, sai ci da barci a kan buhu.

Abin da malam zai ce

Idan gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, maigida yakan ce a kai wa malam, don ya san a wannan fage shi ke da nasara. Mutanen Zango galibi Malikawa ne, kuma a Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin Abu Ƙatada da matar ɗansa Kabsha 'yar Ka'abu. Ta zuba masa ruwan alwala, kyanwa ta zo, ya karkata mata ƙwaryar har ta sha. Da ya ga Kabsha tana mamaki, ya sanar da ita cewa Manzon Allah (SAW) ya bayyana kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kewayawa a tsakanin mutanen gida. Malik ya tafi a kan cewa sauran ruwanta ba laifi, sai in an ga najasa a bakinta. Ga kuma Abu Huraira, wanda alkunyarsa ma daga 'yar kyanwar da yake ɗauka ta samo asali. Labarin kyanwar nan Mu'izza da ake yawan yaɗawa a waya dai ba ya cikin ingantattun littattafan hadisi, gara a bar shi.

Amma malamin kirki ba zai tsaya nan ba. Zai ƙara da cewa jikinta da yawunta masu tsarki ne, fitsarinta da kashinta kuwa najasa ne a mazhabar. Wato in ta tsuguna a kan dadduma ko zanen salla, sai an wanke. Matar da ta ce tana tsoron tsarkinta ba jahilci take yi ba, rabin mas'alar ta riƙe, mijin ya riƙe ɗaya rabin. Zai kuma tuna musu da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abin ci a ƙasa ba. Masu son kyanwa suna yawan jawo wannan hadisi don su kunyata mai ƙi. In an dube shi da kyau, ba ya magana a kan wanda bai ajiye kyanwa ba. Wanda ya ce ba ya so, bai kawo ba, bai kulle ba, ba abin da ya hau kansa. Wanda ya ɗauko ya ajiye shi ne ya shiga ƙarƙashin gargaɗin. Halal ne ajiye ta, ba wanda ya yi musu, amma halal bai zama wajibi ba, balle a mai da shi sandar bugun abokin zama.

Tsoro ba ya jin fatawa

Akwai ƙin da malam ba zai warkar ba. A Zango imani biyu ne suka haɗu a tsakar gida ɗaya. Daga arewa an zo da zancen baƙar kyanwa da aljanu, da mayun da ake cewa suna rikiɗa cikin dare. A nan kudu kuma an tarar da maƙwabta Fon da Gun, waɗanda a wurin da yawansu kyanwa da mujiya suna cikin dabbobin da ake dangantawa da maita. Matar da ta tashi da labarin farko a gidan kakarta, ta zo ta ji na biyu a bakin famfo, ba ta buƙatar ƙarin shaida. Sai kuma wani dare ta ji kuka a kan kwano sak na jariri, ta leƙa ta ga idanu biyu suna ƙyalli.

Duka biyun suna da bayani. Kukan na macen da ke neman barbara ne, da muzurai masu faɗa a kanta. Ƙyallin kuwa wani shimfiɗi ne a bayan idonta da ke mayar da haske, shi ke taimaka mata gani cikin duhu. Akuya da kare ma suna da shi. A faɗa mata wannan, yana da amfani. Amma kada a zaci bayani zai hana gabanta faɗuwa. Akwai mutane, maza da mata, waɗanda ko ba zancen aljanu jikinsu rawa yake in kyanwa ta goge su, likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan tsoro, kuma ba da gangan ake yin sa ba. Mafi munin abin da mai so zai yi shi ne ya mai da abin wasa, ya jefa mata kyanwa a cinya yara suna dariya, wai don ta saba. Ba ta sabawa. Abin da take koya shi ne ba a ɗauki tsoronta a bakin komai ba, kuma duk ranar da mai kyanwar ya ba da baya, muciya ce za ta yi aiki. Wanda ke son jawo hadisi ya tuna akwai wanda Abu Dawuda ya ruwaito da ke hana Musulmi ya firgita ɗan'uwansa Musulmi, ko da wasa.

Gashi, ciki da tari

Maganar da ta fi yawo a bakin mata ita ce gashin kyanwa yana hana haihuwa ko yana zubar da ciki. Gashin ba ya yin ko ɗaya, amma zancen bai taso a banza ba. Akwai wata ƙwayar cuta, Toxoplasma, da Nicolle da Manceaux suka gano a Tunis a 1908, sai wajen 1970 aka tabbatar cewa a hanjin dangin kyanwa take kammala rayuwarta. Kyanwa tana ɗaukarta daga ɓera ko ɗanyen nama, ta yi sati ɗaya zuwa uku tana fitar da ita a kashi, galibi sau ɗaya a rayuwarta. Ga mai lafiya yawanci ba ta yin komai. Ga macen da ta kamu karon farko tana da ciki, tana iya ratsawa ta taɓa ɗan tayi, ta jawo ɓari ko lahani a ido da ƙwaƙwalwa. Abin da ya kamata ma'aurata su riƙe shi ne ƙwayar ba ta zama mai harbi sai kashin ya yi kwana ɗaya zuwa biyar. In ana kwashe shi kullum, kuma ba mai cikin ke kwashewa ba, an rufe babbar ƙofa. Sauran ƙofofin ba su da alaƙa da kyanwar gida: naman da bai gasu ba, latas da kabejin da ba a wanke ba, yashin da kyanwoyin unguwa suka tona. Duk da haka, in uwargida tana da ciki, wannan ba lokacin kawo sabuwar 'yar kyanwa ba ne, domin ƙanana su suka fi fitar da ƙwayar. A jira a yi suna, a yi arba'in.

Asma kuwa ba ta da sulhu. Abin da ke tayar da ita wani sinadari ne a yawu da fatar kyanwa, tana lasar jikinta ya bushe ya tashi a iska, ya manne a katifa da labule har watanni bayan ta bar gidan. Aske ta ko yi mata wanka ba ya magani. In akwai mai asma a ɗakin, babba ko yaro, ko wanda ido ke yi wa ja da atishawa in ya shiga gidan masu kyanwa, an gama magana, kuma mai so ya haƙura ba tare da ƙorafi ba. Makero ma yana tsallakawa daga 'yar kyanwa zuwa kan yara, amma shi yana jin magani. Ciwon haukan kare, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, kusan duka ta kare yake zuwa, amma kyanwa ma tana ɗauka. Cizo ko yakushin wadda ba a sani ba, a wanke da sabulu da ruwa minti 15 a nufi asibiti, ba a shafa toka a zauna ba.

Ɗakin wa, aikin wa

Duk waɗannan in an ture su gefe, sai a iske abin da ke ƙasa, wanda a ganina shi ne yawancin gardamar. Iyalai da yawa a Zango a gidan haya suke, ɗaki ɗaya ko ɗaki da falo, tsakar gida ta kowa da kowa, murhu kusa da murhu. Alhaji yana fita bayan asuba, sai bayan isha'i. Shi zai ga kyanwa awa ɗaya, tana ƙoshe, tana goga masa kai a ƙafa. Sauran yinin na Hajiya ne. Ita za ta tsare kifin da ta soya, ita za ta canza yashi, ita za ta wanke tabarma, ita za ta kore ta daga shimfiɗar jariri. Idan ta ɗauke wa maƙwabciya nama a kan tire, ko ta cinye 'yan tsakin wani, ba Dantokpa za a bi Alhaji a yi masa ƙorafi ba. Ƙofar Hajiya za a buga, da wani Faransanci da Fon da ba lalle ta iya mayar da amsarsu ba. In mai gidan haya ya ji labari, ita zai tarar.

Sannan a al'adarmu gida na miji ne, ɗaki na mace. Gado da katifa da kujeru da labule, iyayenta ne suka yi mata jere, wataƙila sai da aka sayar da saniya. Faratan da za su tsattsage hannun kujera ba kayan Alhaji za su taɓa ba. Idan ta ce "ba a ɗakina ba", haƙƙinta ta faɗa, ba rashin kunya ta yi ba. Inda mata biyu ne abin ya fi haka tsauri: kyanwar uwargida ta buɗe tukunyar amarya ranar girkinta, ka ga an bar zancen dabba an koma wani zancen da ya daɗe yana jira. Saboda haka ni dai hukuncina a fili yake. Mai yini da kyanwa shi ke da kalmar ƙarshe. Namijin da ya ce shi ne maigida, ya shigo da ita a kwali ya ajiye ya fita, bai ci gardama ba, ya dai bar wata halitta mara baki a hannun wadda ba ta so ta, alhakin abin da ya biyo baya kuma ba ita kaɗai za ta ɗauka ba.

In aka juya, mace ce ke so miji na ƙi, ma'aunin bai canza ba, shi ya sa sakamakon yake canzawa. Tunda ita za ta yi wahalar, ƙinsa ba shi da nauyi sosai, sai in asma ce, ko tsoro na gaske, ko sharaɗin mai gidan haya. Abin da yakan ce shi ne, "Bakunan da nake ciyarwa ba su isa ba, sai an ƙaro mini wani?" Wannan ma tambaya ce ta gaskiya. Kyanwa maciyar nama ce, jikinta ba ya haɗa wani sinadari mai suna taurin yadda zai ishe ta, dole ta samu a nama ko kifi, in ba haka ba ido da zuciya su lalace. Ƙanzon tuwo ba zai riƙe ta ba, tunanin cewa a bar ta da yunwa don ta fi kama ɓera kuwa kuskure ne, ƙosasshiya ma tana farauta. Sa'ar da aka yi, unguwa ce ta mahauta, gari ne na kifi, guntayen nama da kawunan kifi ba sa wuya. A kiyaye ragowar miya mai albasa da tafarnuwa, suna lalata mata jini, abin da ya kamata dillalan albasa su fi kowa sani. Madarar shanu tana sa yawancinsu zawo. Ƙwayar farasitamol guda ɗaya tana iya kashe ta, kuma da yawa sun kashe tasu da ita cikin tausayi.

Ta shago, da ta aro

Mafitar da 'yan kasuwa suka daɗe da samu ita ce a bar kyanwa inda ɓarnar take. In buhuna ne damuwa, ta zauna a shago ko rumbu, Alhaji da yaran shago su ɗauki nauyinta, ɗakin Hajiya ya huta. Dabara ce mai kyau in an cika sharuɗɗanta: ruwa a ajiye, kafar fita da shiga, da wanda zai leƙa ranar da ba a buɗe ba. Wanda ya garƙame ta a shagon kwano tun daren Asabar har safiyar Litinin ba ruwa, ya koma ya sake karanta hadisin matar nan. Haɗarinta na biyu maganin ɓeran maƙwabta ne. Ta ci ɓeran da ya ci guba, ita ma ta bi shi. Na uku ɓata, domin a wannan gaɓar teku akwai masu cin namanta, ƙosasshiyar kyanwa mai yarda da mutane kuwa ba ta da wuyar kamu. Ga kuma zancen tashin kasuwa. Gwamnatin Patrice Talon, wanda ya hau mulki a 2016, ta sanar da shirin kwashe Dantokpa, dillalan kayan abinci zuwa babbar kasuwar sari ta Akassato a Abomey-Calavi, masu atamfa da kayan ado zuwa sabuwar cibiyar kasuwanci kusa da filin wasa na Mathieu Kérékou. Kyanwa wuri take riƙewa fiye da mutum. Mai ita a shago ya yi tunanin yadda zai ɗauke ta, ya kuma tambaya ko dokar sabon wurin ta yarda da dabba, kafin ranar loda kaya.

In kuwa mai ƙin ya sassauto ya ce a gwada, to a yi gwajin da gaske. Tunda galibi kyauta ake bayar da ita, malamai ma sun yi saɓani a kan cinikinta saboda hadisin Jabir da ke Sahihu Muslim, ba wuya a ce wa mai bayarwa aro ne na sati biyu ko uku, in ba ta karɓu ba za a dawo da ita. Wannan alkawari shi ke hana abin da aka saba gani, a ɗura ta a buhu a ba ɗan zemijan ya yar a bakin ruwa. Kada a raba ta da uwa kafin sati takwas. A yi mata allurar haukan kare in ta kai wata uku, akwai asibitocin dabbobi masu zaman kansu a garin. A faɗi tun farko inda ba za ta shiga ba, da wanda zai kwashe yashi da sunansa, ba "yara za su yi" ba, don yara sati ɗaya suke ɗoki. A yi maganar haihuwa: macen kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, cikin nata kwana 63 zuwa 65 ne, takan haifi huɗu ko fiye, har sau biyu ko uku a shekara. Wadda ta yarda da ɗaya ba ta yarda da goma ba. Muzurun da ba a dandaƙe ba kuwa yana fesa fitsari a bango, warin ba ya fita da sauƙi. Likitan dabbobi yana yin aikin hana haihuwa ga duka biyun, malamai da dama sun halatta in don kauce wa cuta ne, wasu sun ƙi, kowa ya tambayi nasa. A yi kuma maganar tafiya, domin mutanen Zango matafiya ne: in an tafi gida Ƙonni ko Sakkwato salla ko biki wata guda, wa zai ciyar? Kyanwar da ake kula da ita tana iya kai shekara 12 zuwa 15, ta ga auren yaron da ya tsinto ta.

In amsar ta tsaya a kan a'a, ɓeraye ba su ci gari ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, yawancin maganinsa hana shi abin da ya kawo shi ne. Hatsi da gari su shiga duro ko bokiti mai murfi, buhuna su hau katako nesa da bango, kwanukan dare a wanke kafin a kwanta. Kusu yana wucewa ta kafar da ba ta fi milimita 6 ba, ɓera ta milimita 12, saboda haka a bi gindin ƙofa da inda bututu ya shiga bango a toshe da siminti ko ragar ƙarfe, tsumma da kwali cinyewa suke. Tarko a jera shi jikin bango, nan ne hanyarsu, a bar shi kwana biyu da abinci ba a ɗana ba, don ɓera yana shakkar sabon abu. Wanda aka kama a ɗauke shi da leda a hannu. Gubar da ake talla a kasuwa cikin ƙulli ba suna ba takarda, musamman ƙwayar da ake sa wa hatsi mai fitar da iska, kada ta kwana a ɗakin da mutane ke barci. Ta sha kashe iyali guda cikin dare. Kuma tunda tsakar gidan ta kowa ce, sai an haɗa kai da sauran 'yan haya da mai gidan a kan shara da murfin kwata, in ba haka ba wanda ka kora ɗakin maƙwabci zai koma ya jira.